Tausaya wa Kai da Halartar da Hankali: Horon da ke Taimakon Masu Farfaɗowa daga Taɓin Hankali

Patricia Deegan tana 'yar makarantar sakandare a ƙasar Amurka aka kwantar da ita a asibitin masu taɓin hankali. Likita ya shaida mata cewa cutar da ke damunta ita ce sikizofiriniya, kuma abin da ya rage mata shi ne ta riƙa shan magani, ta guji duk abin da zai tayar mata da hankali. Da aka sallame ta ta koma gida, sai ta shafe watanni tana zaune a kujera ɗaya tun safe har dare, ba ta da aiki sai shan taba da barci. Kamar yadda ta ba da labari daga baya, kullum kakarta takan zo ta tambaye ta ko za ta raka ta sayen kayan abinci, kullum kuma amsarta a'a ce. Ran nan sai ta ce to, amma da sharaɗin tura keken zuba kaya kawai za ta yi. Daga wannan ɗan taki ta fara. A shekarar 1984 ta sami digirin digirgir a fannin nazarin halayyar ɗan Adam, ta kuma zama ɗaya daga cikin mutanen da suka canza yadda likitoci ke kallon masu irin wannan lalura.

Abin lura a labarin nan shi ne watannin da ta yi a kan kujera. A lokacin an riga an sallame ta, tana kuma shan magani. Abin da ya danne ta shi ne yanke ƙauna da ganin cewa ita ba kowa ba ce yanzu. Wannan matsala ce da ƙwayar magani ba ta isa gare ta, shi ya sa masana suka daɗe suna neman hanyar da za a taimaki mai jinya ya gyara zamansa da kansa. Daga cikin hanyoyin da aka jarraba akwai guda biyu da suke tafiya tare, wato horon halartar da hankali da horon tausaya wa kai.

Bayan an sallami majinyaci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 970, wato mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya, suna fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa. Kimanin miliyan 280 daga cikinsu ciwon baƙin ciki mai tsanani ne ke damun su. Sikizofiriniya kuwa, wadda kan sa mutum ya ji muryoyin da babu mai jin su sai shi, ko ya yi imani da abin da babu shi, tana shafar kimanin mutum ɗaya cikin 300.

Aikin asibiti na farko shi ne kwantar da alamomin ciwo. Bayan wannan sai aiki na biyu ya biyo baya, wanda ya fi na farko tsawo, wato mayar da mutum cikin jama'a: ya koma makaranta ko wurin sana'a, ya iya riƙe kuɗinsa, ya zauna da iyali da abokai. Wannan shi ake kira aikin farfaɗo da majinyaci. A shekarar 1993 William Anthony na Jami'ar Boston ya yi bayanin cewa farfaɗowa tana nufin mutum ya sami rayuwa mai ma'ana da amfani da kyakkyawan fata, ko da kuwa wasu alamomin ciwon ba su rabu da shi ba.

Babban abin da ke tare wannan hanya shi ne ƙyama. Akwai ƙyamar da jama'a ke nuna wa mai taɓin hankali, wadda kowa ya sani. Akwai kuma wadda ta fi ta ɓarna, wato sa'ad da majinyacin ya karɓi maganganun jama'a ya riƙa maimaita wa kansa su: shi mahaukaci ne, ya kunyata gidansu, ba zai ƙara zama mutum ba. Patrick Corrigan, wani masani a birnin Shikago, ya nuna cewa wanda ya kai wannan matsayi yakan daina neman aiki ko komawa karatu tun kafin a hana shi, domin a ganinsa wahalar banza ce.

Wani bincike da aka yi a Landan ya nuna ƙarfin da zargi ke da shi a kan wannan ciwo. A shekarar 1976 Christine Vaughn da Julian Leff suka haɗa sakamakon aikinsu da na George Brown a kan masu sikizofiriniya 128 da aka sallama. A cikin wata tara, kashi 51 cikin ɗari na waɗanda suka koma gidajen da ake yawan kushe su ko a matsa musu da kulawar da ta wuce kima ciwonsu ya tashi, alhali kashi 13 ne kawai ciwon ya tasar wa a gidajen da babu haka. Wannan bai nuna cewa iyali ne ke haddasa cutar ba, domin sau da yawa gajiya da tsoro ne ke sa su faɗan. Amma ya haifar da wata tambaya: idan zargin mutanen gida yana iya yin haka, ina ga zargin da mutum ke yi wa kansa, wanda ba ya rabuwa da shi ko a kan shimfiɗarsa?

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Can cikin ƙwaƙwalwa, a kowane gefe, akwai wani ɗan sashe da bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ba, ana kiransa amigdala. Aikinsa shi ne gadi. Da zarar ya ga alamar haɗari sai ya aika saƙo ga wani sashe mai suna haifotalamas, shi kuma ya tayar da wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune bisa ƙoda. Waɗannan sukan zuba sinadarin adirinalin cikin jini nan take, daga baya kuma su zuba kotizol. Sai zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, sukari ya ƙaru a jini, narkar da abinci ta tsaya. Tun a shekarar 1915 Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya bayyana wannan a matsayin shirin da jiki ke yi domin faɗa ko gudu.

Wannan shiri rahama ne ga wanda ya yi kiciɓis da maciji a gona. Matsalar ita ce jiki ba ya bambancewa sosai tsakanin haɗarin da ke waje da wanda tunani ya kawo. Kowa ya san yadda tuna wani abin kunya da ya wuce kan sa gaba ya faɗi, gumi ya keto, alhali mutum yana zaune shi kaɗai a ɗaki. Haka nan idan mutum ya wuni yana zagin kansa a zuci, jikinsa yana wuni cikin shirin faɗa ko gudu, ga shi kuwa babu inda zai gudu, tun da maharin da wanda aka kai wa harin mutum ɗaya ne. Idan kotizol ya daɗe da yawa a jini yakan ɓata barci, ya raunana garkuwar jiki, ya dagula tunani. Rashin barci da yawan damuwa kuwa suna cikin abubuwan da aka sani suna tayar da ciwon ƙwaƙwalwa bayan ya lafa.

Akwai kuma ɗabi'ar da masana suka ara wa suna daga shanu, wato tuƙa. Saniya takan dawo da ciyawar da ta haɗiye ta sake taunawa, wannan kuma yana amfanar ta. Mutum kuwa yakan dawo da tunani ɗaya ya yi ta taunawa: me ya sa ni, ina ma ban yi ba, me mutane ke cewa. Susan Nolen-Hoeksema, wata masaniya Ba'amurkiya, ta nuna cewa masu wannan tuƙa sun fi saurin faɗawa ciwon baƙin ciki, kuma ya fi daɗewa a jikinsu. Yawon hankali kansa ɗabi'ar kowa ce. A wani bincike da aka buga a 2010, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert sun riƙa tambayar mutum 2,250 ta wayar hannu abin da suke yi da abin da suke tunani, sai suka tarar cewa kusan kashi 47 cikin ɗari na lokutan hankalinsu ba ya kan abin da ke gabansu, kuma a irin waɗannan lokuta farin cikinsu ya fi raguwa.

Halartar da hankali

Ma'anar halartar da hankali ita ce mutum ya sa lura da gangan a kan abin da ke faruwa a yanzu, a jikinsa da zuciyarsa da kewayensa, ba tare da ya yi saurin yanke hukunci cewa wannan mai kyau ne ko mummuna ba. Asalin dabarun daga mabiya addinin Buda na ƙasashen Asiya aka samo su. Wanda ya shigo da su asibiti shi ne Jon Kabat-Zinn, wanda shi kansa masanin ilmin halittu ne. A shekarar 1979 ya buɗe wani ɗan sashe a asibitin Jami'ar Massachusetts, ya cire duk abin da ya shafi bauta daga cikin dabarun, ya tsara su a matsayin darasi na mako takwas ga masu ciwon jiki da ya ƙi jin magani. Akan haɗu sau ɗaya a mako na awa biyu da rabi, kowa kuma ya yi atisaye na minti 45 a gida.

Darasin farko yakan ba mutane dariya. Akan ba kowa ƙwayar zabibi ɗaya, a ce ya dube ta kamar bai taɓa ganin irinta ba, ya shafa, ya sansana, ya sa a baki ya tauna a hankali. A nan mutum ke gane cewa ya shekara yana cin abinci ba tare da ya ji ɗanɗanonsa ba. Daga nan sai a koma ga numfashi. Mutum zai zauna ya bi shigar iska da fitarta. Ba a daɗewa hankali zai tafi kasuwa ko ya koma shekaranjiya. Idan ya farga sai ya dawo da shi ba tare da faɗa ba. Wannan fargawa da dawowa ita ce horon, kamar yadda ɗaga ƙarfe da sauke shi ke ƙara ƙwanji.

Masana uku ne suka ga amfanin wannan ga masu ciwon baƙin ciki, wato Zindel Segal na Toronto a Kanada, da Mark Williams na Bangor, da John Teasdale na Kambirij a Birtaniya. Damuwarsu ita ce aƙalla rabin waɗanda suka warke daga wannan ciwo yakan dawo musu, kuma duk dawowa tana sauƙaƙa ta gaba. Sun lura cewa ga wanda ya sha fama da ciwon, ɗan ɓacin rai kaɗan ya isa ya kunna tsohuwar tuƙa. Don haka suka koya wa majinyata su riƙa ganin tunani a matsayin baƙon da ke zuwa ya wuce. Akwai bambanci tsakanin mutum ya ce shi ba shi da amfani, da ya ce ga tunanin nan na rashin amfani ya sake zuwa. Na biyun ya sami ɗan fili tsakaninsa da tunanin, a cikin wannan fili kuwa zai iya zaɓen abin da zai yi.

A shekarar 2000 suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mutum 145. A cikin waɗanda ciwon ya taɓa kamawa sau uku ko fiye, kashi 66 cikin ɗari na waɗanda ba a yi wa horon ba ciwonsu ya dawo cikin mako 60, amma kimanin kashi 40 ne kawai ya dawo wa a cikin waɗanda aka horar. Waɗanda ciwon ya kama sau biyu kawai ba su nuna wani bambanci ba. A 2004 hukumar da ke tantance hanyoyin jinya a Ingila ta amince da wannan horo. A 2015 kuma Willem Kuyken da abokan aikinsa suka gwada shi da ci gaba da shan magani a kan mutum 424 na tsawon shekara biyu. Ciwon ya dawo wa kashi 44 na masu horo da kashi 47 na masu magani, wato hanyoyin biyu sun yi kusan kunnen doki.

Tausaya wa kai

Ganin tunani a fili mataki ɗaya ne. Saura kuma yadda mutum zai amsa wa kansa idan abin da ya gani mai zafi ne. A shekarar 2003 Kristin Neff ta Jami'ar Texas ta bayyana cewa tausaya wa kai yana da ƙafafu uku kamar murhu. Ta farko ita ce mutum ya yi wa kansa magana mai taushi idan ya kasa, irin wadda zai yi wa amininsa. Ta biyu ita ce ya tuna cewa kuskure da wahala rabon kowane ɗan Adam ne, ba shi kaɗai aka ware ba. Ta uku ita ce halartar da hankali, domin kada ya musa zafin da yake ji, kada kuma ya nutse a cikinsa. Daga baya ita da Christopher Germer suka tsara darasi na mako takwas a kan wannan.

A birnin Derby na Ingila kuwa, Paul Gilbert ya iso wannan wuri ta wata hanya. Ya lura cewa wasu majinyatansa suna iya kawo hujjojin da ke nuna cewa su ba mutanen banza ba ne, amma hakan ba ya sanyaya musu rai. Da ya tambaye su da wace irin murya suke faɗa wa kansu waɗannan hujjoji, sai ya tarar da tsawa da gatse suke yi. Da yawa daga cikinsu sun tashi ne cikin duka da wulaƙanci, ba su saba jin lallashi ba.

Gilbert ya sauƙaƙa bayanin motsin rai zuwa tsari uku. Akwai tsarin tsaro, mai kawo tsoro da fushi da ƙyama. Akwai tsarin nema, mai tura mutum ga abinci da dukiya da nasara. Akwai kuma tsarin natsuwa, wanda ke aiki idan mutum ya ji yana cikin aminci tare da masu ƙaunarsa. Wannan na uku yana da tushe mai zurfi a cikin halittar dabbobi masu shayarwa. A shekarun 1950 Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin ya raba jariran birai da iyayensu, ya ba su uwayen roba iri biyu: ɗaya ta waya mai ɗauke da kwalbar madara, ɗaya kuma an lulluɓe ta da tattausan ƙyalle ba ta da madara. Jariran sukan je su sha madara su dawo su maƙale wa mai ƙyallen, kuma wurinta suke gudu idan an tsorata su. Ashe buƙatar lallashi tana da ƙarfi kamar ta abinci.

Jijiyar da ke da babban hannu a wannan natsuwa ana kiranta bagas. Ita ce ta goma cikin jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, tana sauka ta wuya zuwa zuciya da huhu da hanji, tana kuma aiki kamar birki ga zuciya. Ɗalibi yana iya gwada wannan da kansa: idan ya sa yatsu biyu a kan jijiyar wuyan hannunsa ya yi numfashi a hankali, zai ji bugun ya ɗan ƙaru idan ya ja iska, ya ɗan ragu idan ya sake ta. Shi ya sa horon Gilbert ke farawa da sassauta numfashi. Daga nan sai majinyaci ya koyi sassauta fuska da murya, ya suranta a zuci wani mai hikima da ƙarfi da tausayi yana sauraronsa, ko ya rubuta wa kansa wasiƙa irin wadda mai ƙaunarsa zai rubuta masa. A gwajin farko da Gilbert da Sue Procter suka buga a 2006, mutum shida masu daɗaɗɗen ciwo ne suka kammala zama goma sha biyu, kuma baƙin cikinsu da kunyarsu da zargin kansu sun ragu. Adadin ya yi kaɗan ƙwarai, amma ya buɗe ƙofa.

Mutane da yawa suna tsoron cewa wanda ya tausaya wa kansa zai zama malalaci. Juliana Breines da Serena Chen na Jami'ar Kalifoniya sun gwada wannan a 2012. Sun ba ɗalibai jarrabawa mai wuyar gaske wadda kusan kowa ya faɗi, sa'an nan suka ba su damar yin nazari kafin ta biyu. Waɗanda aka tunatar da su cewa kada su tsananta wa kansu, domin kowa na shan wuya da irin wannan jarrabawa, sun fi daɗewa suna nazari. Dalilin a fili yake: wanda bai ji tsoron duban kuskurensa ba shi ke iya gyara shi.

Masu jin muryoyi

An daɗe ana gudun koya wa masu sikizofiriniya irin wannan zama, domin an sami rahotannin mutanen da hankalinsu ya gushe bayan doguwar halwa ta kwanaki babu isasshen barci da abinci. Paul Chadwick, wanda a lokacin yake aiki a Southampton ta Ingila, ya ga cewa gyara ake bukata. A aikin da ya buga a 2005 ya rage zaman zuwa minti goma, ya hana dogon shiru, mai koyarwa yana magana a kai a kai domin kada muryoyin su janye majinyaci, kuma akan fara da jin tafin ƙafa a ƙasa da nauyin jiki a kan kujera.

Mai jin muryoyi yakan yi ɗayan abu biyu: ko ya yi ta faɗa da su, ko ya miƙa musu wuya. Dukansu biyu suna cinye ƙarfinsa. Abin da ake koya masa shi ne hanya ta uku, ya lura cewa muryar ta zo, ya bar ta ta yi maganarta ba tare da ya amsa ko ya bi umurninta ba, ya mayar da hankalinsa ga numfashi. A 2016 Chadwick da abokan aikinsa suka buga gwajin da suka yi da mutum 108. Muryoyin ba su ɓace ba, kuma babban ma'aunin damuwa da suka sa a gaba bai nuna bambanci ba. Amma baƙin cikin waɗanda aka horar ya ragu, ragin kuma ya dore watanni bayan an gama.

A Sikotland kuma, Christine Braehler da Andrew Gumley da abokan aikinsu sun gwada horon tausayi na Gilbert a kan mutum 40 masu farfaɗowa daga irin wannan ciwo, suka buga sakamakon a 2013. An yi zama goma sha shida a rukuni. Ba a sami wanda horon ya cutar ba, kaɗan ne suka janye, kuma waɗanda tausayinsu ya ƙaru su ne baƙin cikinsu da jin cewa an ware su suka fi raguwa. Zaman rukuni kansa magani ne, domin mutumin da ya shekara yana ɓoye abin da ke damunsa yakan ji na kusa da shi yana faɗin irinsa.

Iyakar abin

Ilmin kimiyya yana buƙatar a faɗi inda abu ya tsaya. A 2014 masana na Jami'ar Johns Hopkins suka tattara gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515. Sun tarar da amfani matsakaici wajen rage fargaba da baƙin ciki da raɗaɗin ciwo, amma ba su ga shaidar cewa horon ya fi magani ko motsa jiki ba. An kuma yi ta yaɗa cewa mako takwas na horon yana ƙara kaurin wasu sassan ƙwaƙwalwa, bisa wani ƙaramin bincike na 2011. Da aka sake gwadawa da mutum fiye da 200 a Jami'ar Wisconsin, sakamakon da aka buga a 2022 bai nuna wannan canji ba.

Haka kuma horon yana iya tayar da ƙura. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown ta tattara bayanan mutanen da zaman shiru ya jawo wa firgita, ko rashin barci, ko dawowar tsohon abin tsoro. Gilbert ma ya lura cewa wasu majinyata sukan firgita ko su fashe da kuka da zarar an fara maganar tausayi, domin taushi yana tuna musu abin da suka rasa tun suna yara. Saboda haka ana bukatar ƙwararren mai koyarwa, a tafi sannu sannu, kuma ba a yin horon ga wanda ciwonsa ke kan ganiyarsa. Mafi muhimmanci, kada wani ya ajiye maganinsa domin ya koyi numfashi. A gwaje-gwajen masu sikizofiriniya da aka ambata, an ƙara horon ne a kan jinyar da suke karɓa, ba a maye gurbinta da shi ba. Tsayar da magani ba da shawarar likita ba yana cikin manyan dalilan tashin ciwo.

Akwai darasi na musamman ga malamai. A Birtaniya an gwada koyar da halartar da hankali a aji ga ɗalibai fiye da 8,000 'yan shekara 11 zuwa 14 a makarantu 84. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna bai fi darussan da aka saba yi ba wajen kare lafiyar ƙwaƙwalwarsu, kuma yawancin yaran ba su yi atisayen a gida ba. Malaman da suka koyi abin su ne suka sami ɗan sauƙin gajiyar aiki. Abin da ya taimaki babba mai jinya wanda ya zo da ƙafarsa ba lalle ne ya taimaki yaron da aka tilasta wa ba.

Inda abin ya shafi gida

Kusan duk binciken da aka ambata a Turai da Amurka aka yi shi, don haka sai an gwada shi a cikin harsuna da al'adun Afirka kafin a san yadda zai karɓu. Sai dai tunanin da ke ƙarƙashinsa yana da dangi a nan. Tun a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa tare da wani ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin jama'a, domin ya gane cewa mutum ya fi saurin farfaɗowa a inda ake ɗaukarsa mutum. Malaman Musulunci ma sun daɗe da yin rubutu a kan lura da zuciya. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya shawarci mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya kamar yadda ake ajiye magani a gida. Imam al-Ghazali kuma ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan muraƙaba da muhasaba. Manufar waɗannan ibada ce, ta asibiti kuwa jinya ce, amma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin halartar da zuciyarsa a cikin salla ya san yadda hankali ke gudu da yadda ake dawo da shi.

Ta fuskar doka an sami ci gaba. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin majinyata. Amma doka ba ta shiga aji ko tsakar gida ta hana a kira yaro mahaukaci.

A nan ne ɗalibai da malamai ke da abin yi. Ɗalibin da ya dawo makaranta bayan jinya yana ɗauke da kunya mai nauyi, kuma muryar da zai riƙa yi wa kansa magana da ita yawanci daga bakin na kusa da shi zai koye ta. Malamin da ya karɓe shi ba tare da tone-tone ba, ya ba shi lokaci ya cim ma abin da ya wuce shi, ya hana a yi masa laƙabi, ya riga ya fara koya masa tausaya wa kai ko da bai taɓa jin sunan Neff ko Gilbert ba. Abokin da ya ci gaba da zuwa kiransa wasan ƙwallo, ko da sau goma ya ce ba ya zuwa, yana yin irin aikin da kakar Patricia Deegan ta yi. Idan kuma aka ga ɗalibi ya daina barci, ya janye daga mutane, yana magana shi kaɗai ko yana ambaton mutuwa, abin da ya wajaba shi ne a sanar da iyayensa a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, domin ciwon ƙwaƙwalwa, kamar kowane ciwo, ya fi jin magani idan an tare shi da wuri.